Madatsar da ba mutum ya gina ba: tauraron ɗan'adam zai iya gane motsinta?

Ɗan Takum ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da malamai na wannan zaure. Ni ɗalibin aikin safiyo ne daga kudancin Taraba, inda tun muna yara muke jin ana zancen tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, ana cewa ganuwar dutsen da ta tare shi za ta iya ɓallewa wata rana ruwan ya biyo kogin Katsina-Ala ya iske mu, kuma wannan fargaba tana cikin dalilan gina dam ɗin Kashimbila. Kwanan nan na ci karo da labarin tafkin Sarez na ƙasar Tajikistan, wanda shi ma ba hannun mutum ne ya tare shi ba. An ce a shekarar 2021 masanan ƙasar Sin sun kafa na'urori a kan madatsarsa domin auna motsinta da BeiDou, wato taurarin ɗan'adam na Sin masu nuna wuri irin na GPS, har ana maganar milimita.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wayar da ke hannuna da taurarin nan take aiki, amma sau da yawa ina zaune a ɗakina tana nuna ina tsakar gidan maƙwabcinmu. Ta yaya abin da ke kuskure da mita biyar zai gane cewa dutse ya gusa da kaurin farce? Kuma idan har gaskiya ne yana ganewa, shin wannan ya isa a ce wa mutanen da ke zaune a gangaren ruwa su yi barci da ido biyu rufe? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Safiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta farko tawa ce, ta biyun kuwa zan bar wa masu ruwa.

Wayarka da na'urar da aka kafa a kan madatsa tauraro ɗaya suke saurare, amma ba abu ɗaya suke karantawa daga gare shi ba. Taurarin GPS na Amurka suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana ta aiko da saƙon lokaci. Na'ura tana auna jinkirin isowar saƙon ta mayar da shi nisa, kuma idan ta sami taurari huɗu ko fiye sai ta fitar da inda take. Tun daga nan za ka ga wuyar aikin, domin saƙon yana tafiya da gudun haske, kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ya zama kuskuren santimita 30 a ƙasa.

To, saƙon da waya take karantawa kamar igiyar awon gona ce wadda aka yi wa ƙulli a kowace mita 293. Ko ka iya kintata kashi ɗaya cikin ɗari na tazarar ƙulli biyu, har yanzu kana da kuskuren mita uku, shi ya sa ta kai ka gidan maƙwabci. Na'urar safiyo kuwa ba ta tsaya a kan saƙon ba, igiyar rediyon da ta ɗauko saƙon take ƙirgawa, wadda tazarar ƙullinta santimita 19 ne kacal. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan bai kai milimita biyu ba. Sai dai akwai ƙaya a ciki: na'urar tana ganin guntun ƙullin ƙarshe sarai, amma ba ta san adadin cikakkun ƙullayen da ke tsakaninta da tauraron ba, kuma ƙullayen duk kamarsu ɗaya. Gano wannan adadi shi ne rabin sana'ar, kuma ana samunsa ne ta hanyar sauraron taurari da yawa, a kan zangon rediyo fiye da ɗaya, na tsawon lokaci.

Ɗaya rabin shi ne ba a taɓa aiki da na'ura guda. Saƙon yakan yi jinkiri a saman sararin samaniya inda iska ke ɗauke da cajin lantarki, ya sake yin jinkiri a ƙasa-ƙasa inda tururin ruwa yake, ga kuskuren agogo da na hanyar tauraron kansa. Idan ka kafa na'ura ɗaya a kan fa mai ƙarfi wanda ba ya cikin abin da ke motsi, ka kafa sauran a kan madatsar, to kusan duk waɗannan kurakurai tare suke samunsu, da ka ɗebe na wannan daga na wancan sai su share juna, abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin na'urorin. Ba muna tambayar ina madatsar take a duniya ba ne, muna tambayar ko ta gusa daga fan da muka dogara da shi. Idan kana son amsa nan take, za ka samu cikin santimita ɗaya zuwa biyu. Idan ka yi haƙuri ka tara awon sa'o'i da yawa ko na yini guda, sai ka sauko zuwa 'yan milimitoci. Don haka duk wanda ya ce maka milimita, tambaye shi awon tsawon wane lokaci, kuma ta wace fuska, domin awon sama da ƙasa yakan fi na gefe rauni ninki biyu zuwa uku, saboda taurarin duk a samanka suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka. Wannan kuwa abin takaici ne ga mai lura da madatsa, tunda lotsawa na cikin abubuwan da ya fi so ya sani.

A wuri irin Sarez, tsakiyar tsaunukan Pamir, tafkin yana sama da mita 3,200 daga matakin teku, duwatsu sun rufe wani sashe na sama, taurarin da eriya ke gani sun ragu. A nan ne haɗa tsari fiye da ɗaya yake da amfani: GPS, da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin wanda aka kammala a 2020. BeiDou yana da ƙarin fa'ida a Asiya, domin wasu taurarinsa a tsaye suke a sama da yankin ko kuma suna kai-komo a kansa, kuma yana iya ɗaukar gajeren saƙo daga inda babu layin waya. Akwai kuma saƙon da yakan bugi fuskar ruwa ko jikin dutse kafin ya shiga eriya, ya zo da nisa na ƙarya. Ga GPS akwai dabara, tunda taurarin suna dawowa mazauninsu na jiya a sama da saurin kimanin minti huɗu kowace rana, ƙaryar ma tana maimaita kanta, sai a gane ta a cire.

Amma bari in gaya maka abin da littafi ba ya cika faɗa. Na'ura ba madatsa take aunawa ba, turken da aka ɗora ta a kai take aunawa. Na taɓa yin wata biyu ina bin wani motsi a gangaren wani tudu, na rubuta rahoto har na fara tayar wa mutane da hankali, ashe shanu ne suke soshe-soshe da ginshiƙin kankaren da muka zuba ba tare da ya kai ga dutse ba. A ƙasar sanyi kuwa ƙanƙara ce take ɗaga turke ta sauke shi kowace shekara, dusarta kuma ta taru a kan eriya ta karkatar da awo.

Injiniyar Madatsu ta amsa:

Baba Safiyo ya gama da awo, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan ɗauki tambaya ta biyu, kuma amsata a taƙaice ita ce a'a, bai isa ba. Amma dalilin ya fi amsar muhimmanci, don haka sai mu koma Sarez ɗin kanta.

A daren 18 ga Fabrairun 1911 girgizar ƙasa ta kaɗa tsaunukan Pamir, gefen tsauni guda ya zube, duwatsun da suka haura kubik kilomita biyu suka binne ƙauyen Usoi da mutanensa, suka toshe kogin Murgab. Daga sunan ƙauyen aka sa wa madatsar suna Usoi. Tsayinta ya kai kimanin mita 567, babu wata madatsa a duniya da ta kai ta, ko ta Allah ko ta mutum; dam ɗin Nurek da ke cikin Tajikistan ɗin, wanda yake cikin mafiya tsayi da injiniyoyi suka gina, mita 300 ne. Ruwa ya taru a bayanta ya haɗiye ƙauyen Sarez, ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 60, mai ɗauke da ruwan da ya kai kubik kilomita 16 ko 17. Idan wannan ruwa ya sami hanya, kwarin Bartang zai bi, ya faɗa kogin Panj da ke kan iyaka da Afghanistan, ya zarce kogin Amu Darya zuwa Uzbekistan da Turkmenistan.

Ga abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi: fiye da shekara ɗari ruwan bai taɓa tsallake saman madatsar ba, kuma ba ta da magudanar da aka gina mata. Ta cikinta yake fita. Tun 1914 ruwa ya fara tsiyayowa ta tsakanin duwatsun yana ɓullowa a ɗaya gefen, kuma wannan yoyon ne ya daidaita tafkin. Wato rayuwar madatsar a cikin cikinta take, inda babu eriyar da ke gani. Madatsar da injiniya ya gina, ya san irin ƙasar da ya zuba a kowane mataki, ya binne na'urorin auna matsin ruwa tun ranar gini, yana da zanen komai a aljihun tebur. Wadda zaftarewar ƙasa ta zubar cikin 'yan mintoci ba ta da zane, a wani wuri duwatsu ne kamar gidaje, a wani wuri garin ƙasa ne kamar na tuwo. Idan ruwa ya fara kwashe garin nan ta ciki yana faɗaɗa wa kansa hanya, saman madatsar zai iya zama shiru na dogon lokaci, sai abin ya yi nisa sannan ya lotsa. Wanda zai fara sanin labarin shi ne mai auna yawan ruwan da ke fitowa a gindinta da kuma launinsa. Ranar da ruwan da aka saba gani garau ya fito da laka alhali ba a yi ruwan sama ba, ai ruwa ba ya tsami banza.

Masana biyu na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, John Costa da Robert Schuster, sun tattara tarihin irin waɗannan madatsu a 1988. A cikin waɗanda suka ɓalle, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba su kwana ba, kusan rabi ba su wuce kwana goma ba, kashi 85 cikin ɗari ba su cika shekara ba, kuma mafi yawansu ruwa ne ya cika ya bi ta kansu ya zaizaye su. Ka ga wannan ma ba motsin madatsa ba ne, matakin ruwa ne.

A Sarez ɗin ma, tawagar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura a 1999 ta ga cewa madatsar kanta, saboda girmanta da faɗinta na kilomitoci, ba ita ce babbar barazana ba, kuma girgizar ƙasar 7 ga Disambar 2015 mai ƙarfin maki 7.2, wadda ta auku dab da tafkin, ba ta rushe ta ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gangaren da ke gaɓar dama, 'yan kilomitoci daga madatsar, wanda yake rarrafowa zuwa ruwa da santimitoci kowace shekara. Idan ya zube gaba ɗaya cikin tafkin zai tayar da toroƙo, alhali a wurin da madatsar ta fi gajarta tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da samanta ba ta wuce 'yan gomomin mita ba. Duk mai aikin dam ya san abin da ya faru a Vajont ta Italiya ranar 9 ga Oktoban 1963: tsauni ya zube cikin tafki, ruwa ya tsallake dam ɗin ya kashe mutane kusan 2,000, dam ɗin kuwa yana nan tsaye har gobe. Kuma ba rashin awo ne ya kashe su ba, domin ana auna gangaren, ana ganin gudunsa yana ƙaruwa har ya kai santimitoci da yawa a yini.

Saboda haka a ganina, inda awon tauraro ya fi cin kuɗinsa ba a kan ƙwanƙolin madatsa ba ne kawai, a kan gangaren da ke leƙen tafki ne. Kuma abin dubawa ba yawan motsin ba ne, saurinsa ne. Gangaren da ke tafiya santimita goma a shekara tun shekara ashirin bai kai wanda jiya ya yi milimita biyu, yau huɗu, gobe takwas ban tsoro ba. Akwai dabarar da wani masani ɗan Japan mai suna Fukuzono ya fitar a 1985, inda ake juya lissafin gudun, wato a raba ɗaya da shi, a zana sakamakon a takarda, idan layin ya miƙe yana gangarowa zuwa sifili sai a kintaci lokacin zubewa. Dabarar ba ta aiki sai da awo mai ɗorewa dare da rana, kuma wannan shi ne abin da na'urar tauraro ta kawo wanda safiyo mai zuwa sau ɗaya a shekara da jakinsa ba zai iya ba.

Malamin Jogarafi ya amsa:

Injiniya, na yarda da ke, sai dai alƙaluman da kika kawo suna da wata fuska. Idan kusan rabin waɗanda suka ɓalle ba su wuce kwana goma ba, to yawancinsu ba za su taɓa ganin turke da eriya ba. Sarez da Nyos tsofaffi ne da suka ba mutane lokaci. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a lardin Sichuan na Sin ranar 12 ga Mayun 2008, madatsar Tangjiashan ta tare kogi, kuma abin da ya cece su shi ne kwashe mutane fiye da 200,000 da haƙa magudana da manyan motocin da jirage masu saukar ungulu suka kai, har ruwan ya zube a watan Yuni. A Attabad ta Pakistan a Janairun 2010 ma magudana aka haƙa. A irin wannan hali babu mai zuba kankare a kan tudun da zai iya tafiya da shi gobe.

Abin da yake cike giɓin shi ne wani tauraron daban, mai hasko ƙasa da rada, wato igiyar rediyon da yake aikowa ta bugi ƙasa ta koma masa. Taurarin Sentinel-1 na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2014, kowannensu yana komowa kan wuri ɗaya bayan kwana 12, kuma hotunansu kyauta ne. Idan aka gwada hoton yau da na baya ana gane inda ƙasa ta gusa a faɗin yanki guda ba tare da an taka wurin ba, har a koma cikin tsofaffin hotuna a ga yaushe abin ya fara. Rauninsa shi ne jiran kwanaki, da dusar ƙanƙara da ciyayi masu ɓata hoto, da kuma cewa motsin da ya fuskanci tauraron kawai yake gani. Shi yake nuna inda ya kamata a kafa turke, turken kuma ya zauna gadi.

Ɗan Takum ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya da Malam, na ƙaru. Saura guda: idan aka ce yau za a yi irin wannan aiki a Nyos, me zai bambanta da na Sarez?

Tsohon Safiyo ya amsa:

Ta wata fuskar ya fi sauƙi, ɗana. Madatsar Nyos ƙarama ce idan aka gwada da Usoi, tsayinta kimanin mita 40, faɗinta a inda ta fi tsukewa kimanin mita 45, na'urori kaɗan za su rufe ta, kuma za a iya kafa turken dogaro kusa sosai, wanda shi ne abin da duk safiyo yake so. Babu ƙanƙara mai ɗaga turke.

Amma mu da muke kusa da tsakiyar duniya muna da tamu matsalar. Bayan faɗuwar rana, saman sararin samaniyarmu yakan rikice, saƙon tauraro ya riƙa ƙyaftawa har na'ura ta saki ƙirgan ƙullayen da na ba ka labari ta sake daga farko, kuma abin yakan tsananta a shekarun da rana take cikin tashin hankalinta, wanda ke zagayowa kusan duk shekara 11. Wanda bai san wannan ba zai ga awon magariba zuwa tsakar dare yana tsalle ya zaci madatsa ce. Ga tururin damina, ga itatuwa da ke rufe sama suna girma kowace shekara, ga tsawa. Sannan ga abin da duk muka sani, farantin sola da batir a daji ba mai gadi ba sa daɗewa. Na ga aikin da aka kashe wa kuɗi mai yawa ya mutu saboda batir guda da babu wanda aka ɗora wa alhakin canza shi.

Injiniyar Madatsu ta amsa:

Ƙari a kan na Baba: ciwon Nyos ba irin na Sarez ba ne. Madatsar ba zaftarewar tsauni ba ce, tokar aman wuta ce da tsakuwa marasa ƙarfi, da ɓawo mai tauri na 'yan mitoci a samanta, kuma ruwan da ke malala ta kanta da wanda ke ratsa ta suna cin ta daga baya. Irin wannan tana iya zama daram a awo har ranar da ɓawon zai rasa abin da ya tokare shi, shi ya sa da aka tashi gyara, da tallafin Tarayyar Turai, siminti aka tura cikinta da ƙarfi domin a daskarar da ita. Kuma Nyos tana da abin da Sarez ba ta da shi, wato iskar kabon da ke narke a ƙasan tafkin, wadda ta fashe ranar 21 ga Agustan 1986 ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500. Nauyin ruwan tafkin da ke samanta ne yake danne ta, don haka idan madatsar ta ɓalle matakin ruwa ya faɗi farat ɗaya, ambaliya za ta iya zuwa tare da iskar. Wannan ne ya sa bututun zuƙe iskar da aka fara sakawa a 2001, aka ƙara biyu a 2011, suna cikin aikin tsaron madatsar ko da ba su taɓa ta ba.

Idan za ka rubuta aikinka na kammala karatu a kan wannan, kada ka tsaya a kan eriya. A Sarez, tun kafin zuwan na'urorin BeiDou, aikin da Bankin Duniya da Suwizalan da gidauniyar Aga Khan suka tallafa a farkon shekarun 2000 ya kafa ma'aunan matakin tafki, da na ruwan da ke fita, da na girgizar ƙasa, ya haɗa su da Dushanbe, babban birnin Tajikistan, ta tauraro, ya sa jiniya a ƙauyukan Bartang, aka kuma nuna wa mutane tudun da za su hau idan ta yi kuka. A Nyos madatsar tana Kamaru, wani sashe na masu jiran ruwan suna Taraba da Binuwai. Ka zana hanyar da labari zai bi daga turken da ke bakin tafkin, ya tsallake iyaka, ya isa ga mai kula da ƙofofin Kashimbila da mai unguwar ƙauyenku da ƙarfe biyun dare, ka rubuta minti nawa kowane mataki zai ci, sannan ka kawo mana nan mu duba.